Kwalba Ashirin da Huɗu

A aji biyar na firamare babu abin da na tsana kamar lissafin lita. Kullum wani mutum ne yake da duro, ya ɗebi kaza ya zuba a bokiti, saura nawa? Ni kuwa in ce a raina, mutumin nan ba shi da aikin yi, ya je ya leƙa duron mana. Malamarmu Kirista ce daga wajen Jos, mijinta yana aikin gwamnati a Gusau, kowace safiya mota ke sauke ta a garinmu Kwatarkwashi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, in ta juya baya sai mu dinga kwaikwayonta. Amma ba ta yarda ka ce mata "kamar" ko "wajen" a lissafi. Ta taɓa zuwa da gwangwani mai cin lita ɗaya daidai, ta sa muka auna duk abin da ke cin ruwa a makarantar, har butar hedimasta ba ta tsira ba.

Lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba, ana tsakiyar wahalar mai. Fetur ya zama zinariya, kananzir ma sai mai rabo. Inna, mahaifiyata, tana sayar da kananzir a zauren gidanmu. Baba ne ke tafiya Gusau da jarka, ya wuni a layi, in an yi sa'a a ba shi lita goma, domin ba a ba mutum ɗaya fiye da haka. Inna ta ɗura shi a kwalabe, ta jera su a kiret ɗin lemo mai gurbi ashirin da huɗu. Mai saye ya zo da tasa kwalbar a juye masa. Na taɓa aron gwangwanin Malama na auna kwalaben, kowacce rabin lita ce. Saboda haka lita goma kwalba ashirin take cikawa, layin ƙarshe na kiret ɗin kullum babu komai.

A zauren nan kuma Kawu, ƙanen Baba, yake ajiye babur ɗinsa. Kabu-kabu yake yi tsakaninmu da Tsafe. Shi ma yana da jarkarsa ta fetur, ruwan ɗorawa, irin ta Inna sak, duka biyun tsofaffin jarkokin man gyaɗa ne.

Wata ranar kasuwa da safe na fito da jakata zan tafi makaranta, na iske Inna durƙushe gaban kiret tana murmushi. Baba ya kawo kananzir jiya da yamma. Na dubi kiret ɗin, na ga ya cika fam, har layin ƙarshe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na ce, "Inna, lita nawa Baba ya samo?"

"Goma, kamar kullum."

"To ai ashirin da huɗu na gani."

Murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Wa ya aike ki? Albarka ta, Allah ya saukar muna. Ba a ƙirga albarka, ɗiyar ga, in kinka ƙirga ta sai ta tashi. Wuce ki tahi."

Wannan doka ce a gidanmu, kuma ba gidanmu kaɗai ba. In hatsin rumbu ya wuce lokacin da aka zata, ko tukunyar tuwo ta ƙosar da baƙin da ba a shirya musu ba, ba mai buɗe baki. Ka yi hamdala ka kau da kai. Na kau da kai na tafi, amma kwalabe huɗun nan suka bi ni har aji.

Kamar an haɗa baki, ranar ma lissafin lita ne. Malama ta rubuta a allo: mai shago yana da kananzir lita takwas, kwalbarsa rabin lita, kwalba nawa zai cika? Kowa ya ce sha shida. Ni bakina ba ya ajiye magana, na ɗaga hannu na ce, "Malama, in da albarka fa? Zai iya cika ashirin?" Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, ta ce kananzir ba ya haihuwa. Haushi ya kama ni, na ce to namu ya haihu, lita goma ta cika ashirin da huɗu, da idona na gani.

Sai ta daina dariya. Ta ajiye alli, ta kira ni bakin ƙofa, ta rage murya.

"Goma ya shiga, sha biyu ya fita. Akwai wanda ya zuba biyu. Ka ga ruwa ya kwanta a gindin kwalba?"

Na ce ban gani ba, garau suke duka.

Ta dube ni. "Akwai mai mashin a gidanku?"

Na ce akwai.

"Ɗauki jakanka. Je ka gaya wa mamanka kar ya sayar, ko ɗaya. Kar kowa ya kunna fitila da shi."

A shekarun nan kowa ya sha jin labarin kananzir mai fashewa, wanda aka gauraya da fetur. Ana cewa fitila ta tashi da mutum, risho ya cinye ɗaki. Amma labarin garuruwan nesa ne, ban taɓa kawo shi kusa da zaurenmu ba sai a kan hanyar nan, ina gudu jaka na dukan bayana. Tsoro ya kama ni sosai.

Na iske rabin kiret ya tafi. Na faɗa wa Inna saƙon Malama ina haki. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ba maganar fetur ce ta dame ta ba, wannan ko saurarenta ba ta yi ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne na kwashi sirrin gida na kai makaranta, na baje gaban 'ya'yan mutane.

"Boko ya kai ki har ki auna kyautar Allah? Ita malamar taku mi ta sani ga kananzir? Shekara nawa ina sai da shi?" Ta ɗauki kwalba ɗaya ta sansana. "Ga shi nan, kananzir na."

Hancin Inna ya daɗe da mutuwa da warin nan, zanenta da hannunta duk shi ne. Ta ce tunda na gudo daga makaranta, in zauna in riƙe mata mazurari. Baba yana gona, Kawu ya fita tun asuba. Na zauna.

Ina riƙe da mazurarin aka sayar da kwalba uku. Biyu maƙwabta ne. Ta ukun wata mata ce da ke zuwa duk ranar kasuwa daga ƙauyukan bayan dutse, tana sayar da daddawa. Ba mu san sunanta ba, Inna mai daddawa kawai take ce mata. Da goyonta a baya, da koriyar kwalba da take toshewa da totuwa. Ta ce sati biyu ke nan ba su da haske, yara a duhu suke cin tuwo, yau dai za su ga abin da suke kaiwa baki. Na dubi Inna, Inna ta harare ni. Na riƙe mazurarin daidai, ko ɗigo bai zube ba. Da na yi magana ko kalma ɗaya da matar nan ta tsaya. Ban yi ba, tsoron faɗan Inna ya fi ƙarfina, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan ba.

Bayan azahar Kawu ya dawo, Baba ma ya shigo daga gona. Kawu ya nufi lungun zaure ya ɗaga jarkarsa, ya girgiza ta. Ya sake girgizawa.

"Wa ya taɓa min hetur? Lita biyu na saya jiya wurin 'yan bumburutu a Tsafe, da asuba na juye a nan."

Baba ya ce, "A wace jarka ka juye?"

Kawu ya dubi tasa, ya dubi ta Inna da ke kife kusa da ita. Baba ya ɗauki kwalba ɗaya daga kiret, ya fita tsakar gida, ya tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani. Ya kore mu baya, ya ƙyasta ashana ya jefa daga nesa. Kananzir na gaskiya sai an lallashe shi da lagwani kafin ya kama. Wannan tun ashanar ba ta sauka ba wuta ta yi tsalle ta tarye ta, ta tashi har tsayin gwiwa. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, tana salati a hankali.

Baba ya ce, "Nawa anka sai?"

Inna ba ta sani ba, ai ba ta ƙirga ba. Dole aka juyo gare ni. Tara suka rage har da wadda Baba ya gwada, don haka sha biyar suna hannun mutane. Ana kiran la'asar, kuma da magariba kowane gida zai kunna fitila.

Inna ta ja mayafi, ta dinga tuno fuskokin masu saye ɗaya bayan ɗaya, muna bin gidaje da jarka. Wasu suka miƙo da sauri, wasu sai da Baba ya rantse musu, domin sun zata kananzir ne zai ƙara tsada muke son kwashewa. Wata tsohuwa har ta riga ta ɗura a fitilarta ta goge ƙwan, tana jiran duhu. Kafin rana ta faɗi mun tattaro sha huɗu.

Saura koriyar kwalba. Kasuwa ta watse, mai daddawa ta daɗe da kama hanya. Bayan dutse kuwa ba gari ɗaya ba ne, ƙauyuka ne da rugage barkatai, kowanne da 'yar hanyarsa. Kawu ya hau babur ya bi, bai yi nisa ba ɗan man da ke tankinsa ya ƙare, ya dawo yana turawa. Ina tsaye a ƙofar gida lokacin da aka kira magariba, ina kallon duwatsun suna yin baƙi. Ban taɓa jin tsoron kiran salla ba sai ranar.

Washegari Baba ya bi ƙauyukan a ƙafa, kwana biyu yana tambayar mace mai goyo mai sayar da daddawa. Kowane ƙauye akwai irinta biyar. Bai ji labarin gobara ba, amma ƙauyukan da ya kai ba su kai rabi ba. Inna ta bar sayar da kananzir daga ranar. Da kasuwa ta zagayo ta ɗauki tabarma ta zauna a zaure tun hantsi, tana duban hanyar da matar ke biyowa. Ba ta zo ba. Baba ya ce wataƙila goyon ne ba lafiya, ko ta koma cin kasuwar Tsafe. Kasuwa ta biyu ma ba ta zo ba.

Ranar kasuwa ta uku na dawo daga makaranta na iske Inna a wurin. Ta matsa min a kan tabarma, abin da ba ta saba yi ba. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Ke da kinka iya lissahi. Cikin kwalba guda, hetur nawa za a samu?"

Na lissafa a kaina. Biyu cikin sha biyu, kashi ɗaya cikin shida ke nan. Na faɗa mata.

"Kaɗan na ko?"

Na ce mata kaɗan ne. Ta gyaɗa kai, ko da yake tare muka ga abin da ya faru a tsakar gida. Muka ci gaba da zama muna duban hanya har masu daddawa na ƙarshe suka wuce gida.