Yaya Kulu da Shekarar da Ruwa Ya Makara

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar yayata Kulu. A danginmu ni kaɗai nake lissafa waɗannan shekaru, don waɗanda suka san ta duk sun bi ta. 'Yan baya kuwa kalma ɗaya suka sani game da ita, ita ma ba sa faɗinta a gabana. Ni zan faɗe ta tun da wuri don kada mai karatu ya yi ta lalube: karuwa ce. Ita ce magajiyar karuwan garin Lolo, can bakin iyaka, a shekarun da Turawa ke haɗa kayansu za su bar mana ƙasa. Ni tela ne, na tsufa, idona ya yi rauni, kuma ban ɗauki alƙalami don in halatta abin da Allah ya haramta ba. Abin da na gani zan faɗa.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, a wani ƙauye kusa da Zagga. Ta girme ni da nisa, ita ta goye ni. Aure uku ta yi, duka ukun rashin haihuwa ya kashe su, na ƙarshen ma sai da ya karya mata haƙori kafin ya sake ta. Ta dawo gida ta gama idda a ɗakin Inna, kullum tana jin matan gida suna lissafin bakin da ya ƙaru a kan rumbun da bai ƙaru ba. Wata ranar kasuwa ta bi masu kai gero suka ƙetare kogin Kwara zuwa Lolo. Su suka dawo, ita ba ta dawo ba.

Baba ya ce kada a sake kiran sunanta a gidansa. Amma duk shekara idan lokacin haraji ya yi, saƙonta yakan iso ta hannun wani mai jaki, kuma ban taɓa ganin an mayar da shi ba. Baba yakan juya baya, Inna ta karɓa. Da na girma na yi aure, gonarmu ta kasa ɗaukar mu, sai na bi ta Lolo. Ita ta kai ni wurin wani Bayarabe na koyi ɗinki, ita ta saya mini keken ɗinki. Har yau akwai tsofaffi a kasuwar da ba su san ni da wani suna ba sai Garba ƙanen Magajiya.

Gidan nata yana bayan kasuwa, zagaye da zana, ɗakuna jere, rijiya a tsakiya. Matan da ke ciki yawancinsu zawarawa ne irinta: Hausawa, Dandawa daga tsallaken iyaka, Fulani biyu ko uku, da wata 'yar kudu da ake kira Mariya wadda mijinta direba ya gudu ya bar ta a tasha. Gidan yana da dokoki, kuma Yaya Kulu ba ta wasa da su. Ba ta karɓar budurwa, ba ta karɓar mai igiyar aure, ba ta karɓar wadda ba ta gama idda ba. Namijin da ya daki mace a gidan, ko wane ne shi, ba ya sake shiga. Wadda ta kwanta ciwo, sauran su za su ciyar da ita har ta tashi.

Dokar da ta fi tsanani a kanta ita ce ta farashi. Kuɗi ɗaya ne ga kowa, kyakkyawa da mummuna, yarinya da mai furfura, kuma babu bashi. Na tuna wata Badandiya mai suna Fati da yunwa ta koro da ɗan goyo. Ba ta daɗe da zuwa ba aka gano tana karɓar rabin kuɗin a ɓoye, wani lokaci ma mudun gero. Matan suka taso za su fitar mata da kaya. Ina gidan a ranar, na kawo ɗinki. Yaya Kulu ta hana su, ta zaunar da Fati a kan tabarmarta, ta sa aka zubo mata tuwo, sai da ta ƙoshi sannan ta yi magana.

Ta ce, "Ke ɗiyata, in kinka rage yau, gobe namijin shi za ya yanka miki kuɗin, jibi kuma ya ce ke za ki gode mishi. Kuma ba ke ɗaya za ki faɗi ba, da mu duka za ki faɗi. In yunwa ce, ga tukunyata nan."

Fati ta ci daga tukunyar nan har ɗanta ya fara tafiya. A lokacin na ɗauka maganar ciniki ce kawai irin ta 'yan kasuwa. Sai daga baya na gane cewa farashin nan shi ne ɗan abin da ya rage musu da za su ce a'a a kansa.

Masu iko da gari sun san da gidan, suna kuma amfana da shi. Duk ranar kasuwa 'yan doka sukan biyo su karɓi nasu. Idan babban baƙo zai sauka, matan Magajiya ake kira su yi shara, su ɗebo ruwa, su dafa abinci. Da siyasa ta zo, matan aure suna cikin kulle, sai ya zamana su ne matan jam'iyya. Su ke rera waƙa, su ke cika fili. Bikin samun 'yancin kai ni na ɗinka musu anko, kore da fari, na yi kwanaki ina taka keke har ƙafata ta kumbura. Ranar an sa wa Yaya Kulu kujera a cikin rumfa, wani babban ɗan siyasa na yankin ya miƙa mata goro da hannu biyu yana kiranta uwar jam'iyya. Da ta dawo ta ce mini, tana dariya, yau ita ma ta zama mutum. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki kamar ranar ba.

Shekara biyu ko uku bayan nan, damina ta makara. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Aka fita roƙon ruwa, hadari ya haɗu ya watse. Sai magana ta fara yawo a majalisu cewa zunubin bayan kasuwa ne ya riƙe sama. Wata safiya mai shela ya zaga da ganga: duk karuwar da ke garin ta yi aure cikin mako guda ko ta bar gari.

Yaya Kulu ta yafa mayafi ta tafi ƙofar ɗan siyasar nan. Ta wuni a zaure, bai fito ba. Da la'asar ya aiko yaronsa ya ce a gaya mata abin ya fi ƙarfinsa. Ta dawo ta tara matan ta ce duk wadda ta sami mijin kirki ta yi aurenta, ita za ta yi mata kayan ɗaki. Kaɗan ne suka samu. Wasu suka biya maza don su riƙe su da sunan aure har ƙura ta lafa, kuma mazan da jiya suke roƙon a rage musu, yau su ne ke yanka abin da za a ba su. Wata ta ba da awarwaronta na azurfa, mutumin ya karɓa, ya sake ta kafin mako ya zagayo.

Ita kanta ta sami mai so. Wani dattijo mai sayar da gishiri, wanda ya daɗe yana zuwa wurinta hira, ya aiko ni in gaya mata zai aure ta tsakani da Allah. Na je da murna. Na roƙe ta, na ce mata wannan ce ƙofar komawa gida, Inna za ta gan ta kafin ta mutu. Ta bi ɗakunan da kallo. Akwai tsofaffi uku da babu mai aurensu, akwai wata Hanne da tari ya kwantar, akwai Fati da ɗanta, akwai Mariya da ba ta da kowa a arewa.

Ta ce, "Garba, in na tahi gidan miji, waɗanga wa za ya tahi da su?"

Na miƙe zan tafi. Ta ce in gode wa dattijon.

Ranar da wa'adi ya cika, samari suka taru tun da hantsi. Cikinsu akwai waɗanda na sha gani suna fitowa daga gidan suna gyara hula. Matan suka fito da akwatuna a kai, Hanne a kan jaki, ni da matata muna biye da tukwane. Ba mu yi nisa ba muka ga hayaƙi ya tashi a bayanmu. Yaya Kulu ba ta waiwaya ba. Yara suka raka mu da jifa har bakin gari, hoge ya sami Mariya a ido, idon da bai sake gani ba. Muka bi hanyar ƙafa muka shiga ƙasar Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, muka sauka a wani gari da ke bakin iyaka.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Na riga na komo Lolo, ina zaune a rumfata ina jin mutane suna cewa ai ga shi nan, an fitar da ƙazanta sama ta buɗe. Na san a Zagga da Sharabi, inda babu gidan magajiya, rana ɗaya fari ya kama su da mu, kuma rana ɗaya ruwa ya sauko musu. Ban faɗa ba. Ba lokacin da ake sauraron irin wannan magana ba ne.

A tsallake doka daban ce. Can ba a korarsu, rubuta su ake yi. Jandarma, wato ɗan sandan can, ya ba kowace kati da lamba, kuma duk bayan 'yan kwanaki a jera su a kai su asibiti a duba tsiraicinsu, mutanen gari na kallon jerin. Gidan da suka samu na wani mutum ne, shi ke yanka farashi, shi ke karɓa, ya ba mace abin da ya ga dama. Yaya Kulu ta yi ƙoƙarin haɗa kan matan, sai ya kai ƙararta, ta kwana biyu a tsare. Ta fito ba ta da iko a kan kowa. Ta koma soya ƙosai a bakin tasha tana ciyar da tsofaffin nan. Hanne ta mutu a hannunta, ta bar mata tarin. Duk ranar da na kai mata ziyara sai in tarar ta ƙara ramewa, kuma tambayarta ɗaya ce, ko Inna tana ambatonta. Ina ce mata tana yi, kuma gaskiya ne, amma sai Baba ba ya gida.

Fati ce ta zo da ƙafa ta gaya mini ta cika. Ta bar wasiyya a binne ta a ƙasarmu. Matan suka yi mata wanka, ni na ɗinka likkafanin da hannuna, muka ɗauko ta a amalanke. Limamin unguwarmu ya ce yana da uzuri. Na biyun da na je wa ya ce a mayar da ita inda ta mutu. Rana ta take, gawa na ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gari, ni ina yawo ƙofa ƙofa. Daga ƙarshe wani tsohon malami cikin Sarkawa masunta ya ajiye komarsa ya biyo ni. Tambaya ɗaya ya yi, ko tana salla. Na ce tana yi. Ya ce to sauran ba namu ba ne. Mu biyar muka sallace ta, har da dattijon nan mai gishiri. Matan suna tsaye can nesa a bakin gona, ba su matso ba, ba su yi kuka da ƙarfi ba, don kada a ji a gane su.

Yau nakan zauna a ƙofar shagon ɗana in ga babura suna wucewa da jarkokin mai zuwa iyaka. 'Yan shekarun baya an sake yin irin waccan kora, matan suka sake ƙetarewa, kuma da yamma za ka ga 'yan kabu-kabu suna kai musu mazan garin nan su dawo da su. Babu magajiya yanzu. Kowace tana kanta a bayan tasha, wasunsu yara ne waɗanda da Yaya Kulu na nan da ta kora su gida da bulala. Ana ba su abin da bai kai kwanon shinkafa ba, ga cutar zamani tana ɗibarsu, wadda ta kwanta kuma babu mai ba ta ruwa. Da za ta ga wannan, ba na jin za ta yi mamakin korar. Abin da zai ƙona mata rai shi ne yadda babu mai tsaya wa wata.

Me ya rage nata? Filin gidan ya zama wurin ajiye buhunan shinkafa. Kabarin, ambaliya ta shafe alamarsa tun da daɗewa, ni kaina sai dai in nuna wajen. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Hauwa Kulu suna ne da ya cika ƙasar Kabi, kowane gida akwai shi, amma ban da namu. Duk haihuwar mace sai na roƙa a sa mata shi, duk lokacin sai a samo wani suna. Watan jiya aka haifa mini jika. Na kira ɗana gefe na sake roƙo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka san halin mutane. Yarinyar ce za ta sha wahala." Aka raɗa mata A'ishatu, na yi addu'a tare da kowa, na ci goro.

Idan uwarta ta miƙo mini ita ta shiga madafa, nakan kai bakina kusa da kunnenta in kira ta Kulu. Ta fara juyowa.

Allah ya dubi yayata da idon rahama, ya yi mata hisabi da abin da ya sani, ba da abin da muka ce ba.