Maganin da Yaya Bai Kawo Ba

Jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba lokacin da kumburi ya fito wa Innarmu a ƙarƙashin hammata. Likitan da ya duba ta a Jega ya ce ciwon daji ne, a hanzarta kai ta Sakkwato a yi mata aiki. Inna ta ce ba inda za ta je. Ɗanta na fari yana ƙasar Turai yana binciken ciwon daji, kowa a unguwa ya san haka, don me za ta ba baƙo jikinta ya yanka? Na baro ɗakina a Maiyama na zo jinya. Na yi lallashi, na yi fushi, har wani mai magani a Aliero na kai ta don dai a ce an motsa. Damina ta wuce muna jira, kumburin yana ƙaruwa.

Da Yaya ya iso, sai wata matsalar ta taso. Inna tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa sai ta juya wa bango fuska ta amsa a taƙaice. Ya raba tsaraba, atamfa da sabulu da turare, ba mu ga kwalba ko ɗaya ba. Ita kuma ba za ta tambaye shi ba ko za a mutu. Sai ni na zama 'yar aike tsakanin ɗakinta da zaure.

"Tahi ki tambayi wancan," in ji Inna, "ina maganin?"

Na same shi yana alwala. Ya ajiye buta ya fara yi mini bayani a tsanake. Wai a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wani abu mai kama da kunne, shi ke jin saƙon da ke cewa su girma, tun jariri yana ciki. Wai su sukan ɗauki tsarin wannan kunnen daga halittar mutum, su sa a cikin wasu ƙwayoyi da suke kiwo a kwalba, ƙwayoyin su ƙera irinsa. Sai a tace, a busar, ya zama ɗan farin gari.

Na koma na ce, "Inna, ya ce suna yin wani farin gari."

"To ya kawo, a dama."

Na sake fitowa. Yaya ya ce ba a sha, ba a shafawa, ba a allura da shi. Masu bincike ne ke gwaji da shi, domin a wasu cututtukan daji kunnen nan yakan lalace ya riƙa jin saƙon da ba a aiko ba, ƙwaya ta yi ta girma ba tsayawa. Wallahi a nan kaina ya ɗaure. Abin da ke gina jijiyar jariri shi ne kuma ke cikin ciwon daji? Kuma su da kansu suke ƙera shi? Na koma na ce wa Inna kamar dai ciwon suke kiwo a kwalba. Ta yi salati ta ce in je in ji da kyau, ɗanta ba ya wannan aikin.

Na yi ta safa da marwa har raina ya ɓaci da su duka biyun. A ƙarshe na tsaya a kansa na ce, "Yaya, bar zancen kunne. Akwai maganin Inna ko babu?"

Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. Ashe bai san shi ake jira ba. Duk wanda ya aika masa saƙo cewa ya yi Inna na jin jiki, ya zo, ba wanda ya ce masa ta ƙi asibiti saboda shi. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce babu, aikinsu ko zai haifi magani sai bayan shekaru masu yawa, kuma mai yiwuwa ba na irin ciwonta ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Na koma na faɗa wa Inna. Ta ce in haɗa mata kaya.

Washegari muka hau mota zuwa Sakkwato. Likitan can ya duba ta, ya cire tabarau, ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Ya juyo kanmu da faɗa, ya ce mutane masu ilimi kamarmu, me ya tsayar da mu duk wannan lokacin? Yaya ya buɗe baki zai amsa. Inna ta riga shi, tana kallon ƙasa.

"Albasa munka tsaya cirewa, likita. Laihina ne."

Ba mu da gonar albasa, ko kadada ɗaya.