Uban Tuli Yana Wurin Aiki

Jobeda Khatun ba ta yi boko ba. Sunanta kaɗai ta iya rubutawa, shi ma sai ta ciji leɓe. Amma ko taka ɗaya, kuɗin ƙasarmu, ba ta fita daga asusun makarantarmu sai da wannan sunan. Mijinta ne ya ba da filin wakafi kafin ya rasu, ya kuma sa a rubuce cewa matarsa ce ma'ajin kwamitin amintattu muddin tana numfashi. Ta kuwa daɗe tana numfashin, har wasu suka fara ƙosawa.

Busasshen kifi take sayarwa, warinsa ke riga ta shiga ofis. Kowa Khala yake ce mata, wato inna, har limamin da ya girme ta. Ni tun ina budurwa nake koyarwa a makarantar, albashina ta hannunta yake bi, don haka na san halinta ciki da bai.

Ɗanta ɗaya ne, Mokbul. Shekarar da samarinmu suka yi ta hawa jiragen ruwan dillalai zuwa Malesiya, shi ma ya bi, ya bar jaririya mai suna Tuli. Ya kira daga bakin teku ya ce sun kusa tashi, daga nan shiru. Uwar yarinyar ta jira har ta gaji, ta tafi birni aikin ɗinki a masana'anta, Tuli ta zauna wurin kakarta. Irin wannan gida ba ya ƙirguwa a ƙauyenmu.

Wata gidauniya ce a birni ke biyan kusan duk albashinmu. Rannan sai ga sabon tsari daga wurinsu: daga bana tallafi zai bi yawan marayun da makaranta ta nuna a rahoton shekara. Marayunmu na gaskiya ba su cika benci biyu ba. Amma 'ya'yan waɗanda teku ta ɗauka ba ta ba da labari ba, sun kusa rabin makaranta.

Sakataren kwamiti, Motaleb, ba mugu ba ne, mutum ne da ya gaji da ba malamai haƙuri. Ya haɗa rahoto tsaf, ya sa yaran nan duka a layin marayu, ya kawo wa Khala ta sa hannu. Ina wurin, don ni ke karanta mata takardu.

Ina kaiwa sunan Tuli ta ɗaga hannu.

"Me aka rubuta a gabansa?"

"Marainiya, Khala," na ce.

Ta juya ta dubi Motaleb. "Kai ka wanke shi? Ko kai ka ja sallarsa ban sani ba?"

"Haba Khala, takarda ce fa. Mutanen birni ko hanyar garin nan ba su sani ba."

"Ni na sani ai. Teku ba ta aiko min da gawa ba, sai kai da bironka na taka biyar za ka kashe min ɗa?"

"To mu rufe makaranta kenan? Ga Apa nan," ya nuna ni, don haka ake kiran malamai mata a wurinmu, "tambaye ta yaushe rabonta da cikakken albashi."

Raina ya ɓaci a ranar, kuma da ita ya ɓaci. Ina da uwa kwance, ga magani ya yi tsada. Na ce mata, "Khala, yaran nan ba su da mai ciyar da su. Me ya raba su da marayu?"

"Jira," in ji ta. "Maraya ba ya jiran kowa. Tuli kullum sai ta leƙa hanyar mota."

Motaleb ya kira taron kwamiti don a fi ƙarfinta. Ita kuma ta zo da matan da abin ya shafa, suka cika farfajiya da goyo da lema. Ta tsaya ta tofar da ganyen da take taunawa, ta ce, "Ba zan hana kowa ba. Duk wadda ta yarda mijinta ya mutu, ta faɗa da bakinta, in sa hannu yanzu."

Can wata mai suna Moyna ta miƙe, ta ce a rubuta nata, ta gaji. Khala ba ta harare ta ba. Ta jawo ta jikinta, ta ce wa Motaleb, "Rubuta. Ita ke da iko." Sauran ba wadda ta motsa.

Haka rahoton ya tafi. A gaban sunayen sauran yaran, inda aka tambayi halin uba, ta sa na rubuta "yana wurin aiki". Gidauniya kuwa ba ta yi wasa ba, ta zaftare tallafin. Malami ɗaya ya ajiye aiki, muka haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, albashina ya ragu. Na yi wata guda ba na gaishe ta, ita ko a jikinta.

Sai ta ɗauki tulu ta shiga gida-gida. Ta ce kowace mace, in za ta ɗora tukunya, ta ware dunƙulen hannu na shinkafa don makaranta. Ran Juma'a a tara, a sayar a kasuwa. Motaleb ya ce ba wurin shinkafa a tsarin rahoton gidauniya. Ta ce, "Ja layi a ƙasa ka yi mata wuri. Su ma su san ba su kaɗai ke ciyar da mu ba." Shinkafar ba ta taɓa cike giɓin ba, amma ba a rufe makaranta ba.

Mokbul bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba. Tuli ta gama firamare, ta yi tsawo har ta wuce kakarta.

Da ciwo ya kwantar da Khala bara, ta aika a kira ni. Ta ce kwamiti ya yarda ni zan gaje ta, ta miƙo min makullin akwatin da rahotannin suke ciki. Na ɗauka wasiyyar kuɗi za ta yi.

"Kar ki bari gara ta ci su," ta ce. "In Mokbul ya zo, ki nuna masa. Ya ga ba wanda ya binne shi."

Rahoton bana ni na sa wa hannu. Layin nan na "yana wurin aiki" yana nan yadda ta bar shi.