Inna Tani da Shari'ar Jar Kaza

Da aka ce mini akwai wata mata a Dabawa da ke duban ɓawon ƙwai ta faɗi kazar da ta yi shi, ban yarda ba. A inda na yi karatu, ƙwai a jere yake zuwa cikin kiret, ba wanda ya taɓa tambayar uwarsa. Amma a Dabawa dole a tambaya, domin kaza ba ruwanta da danga. Sai ta ci dusar gidanku ta je ta yi ƙwai ƙarƙashin rumbun maƙwabta, kuma ƙwai na mai kaza ne, ba na mai rumbu ba.

Inna Tani ce ke raba irin wannan gardama. Sana'arta ƙuli-ƙuli, amma shekara ashirin ke nan mata na kawo mata ƙwai a bakin zane. Sai ta ɗaga shi a rana, ta shafa da babban yatsa, ta ce, "Na wake-waken gidan Ilu ne." Shi ke nan, magana ta ƙare. Ba ta karɓar komai. Ita dai a ce Tani ta faɗa.

Ita ma tana da kazar da take ji da ita, wata ja ta gidan gona da ta saya a kasuwar Dutsin-Ma, mai ƙwai jawur kamar sabuwar tukunya. Bazarar bara, da zafi ya kai zafi, jan ƙwai ya ɗauke. Kullum sai ta tarar da wani fari-fari marar kaurin ɓawo a gindin rumbunta. Ta ɗaga, ta shafa, ta yanke hukunci cewa na farar kazar maƙwabciyarta Rekiya ne, ta miƙa shi ta kan danga.

"Ke Rekiya, ki ja wa kazarki kunne. Gidana ba asibitin haihuwa ba ne."

"To Inna, na gode," in ji Rekiya, ta karɓa hannu biyu.

Mako uku ana haka. Tani ta shiga hararar jar kazar, wadda ke cin dusa kamar da, ba ta ajiye komai. Ran nan da yamma ta kifa mata kwando, ta ɗora dutse, ta ce wa mijinta Malam Ummaru ya wasa wuƙa.

Da hantsi Malam ya zo da wuƙarsa. Tani ta ɗaga kwandon. Ga jar kaza, ga farin ƙwai a gefenta, da ɗuminsa.

Malam Ummaru ya dubi ƙwan, ya dubi matarsa. "Wataƙila ta Rekiyar ce ta ɗaga dutsen ta shiga," in ji shi.

Tani ta ajiye kwandon. Ta nufi danga.

"Rekiya, kamo mini farar nan taki in gani."

"Wace fara, Inna? Ai tun ranar sunan 'yata Yasmin muka yanka ta. Ke aka kai wa cinya."

"To me ya sa kike karɓar ƙwai?"

"Inna, shekara ashirin ba wanda ya musa miki. Ni ce zan fara?"

Kafin azahar labari ya kai bakin rijiya. Da malamin dabbobi ya zo rigakafin awaki, ya ce wa Tani zafi da tsufa kan sa jan ƙwai ya koɗe, ɓawon ya yi laushi; a ba ta inuwa da ruwan sanyi, a daka mata ƙonannen ƙashi cikin dusa. Tani ta yi duka, har da rumfar zana ta musamman. Da damina ta sauka, ƙwan ya ɗan yi ja-ja, wuƙar kuwa ta koma yankan albasa.

Na same ta tana murza ƙuli, na tambaye ta ko har yanzu ana kawo mata ƙara.

"Ana kawowa mana, ɗan nan," in ji ta. "Sai dai yanzu kafin in taɓa ƙwai, sai an kawo mini kazar na gan ta da ranta."