Ƙafar Kawu Orrin

Kawu Orrin yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarama. Da na gama jami'a bara na rasa aiki, sai na koma ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa, a garinmu Tarver da ke bakin kogin Ohio. Muka zama marasa aikin yi biyu a gida ɗaya, sai dai shi bai taɓa yarda a kira shi haka ba.

"Ni ba zaman banza nake yi ba, Farfesa," haka yake ce mini. "Jiran kira nake yi."

Tun yana saurayi yake aiki a masana'antar ƙarfe ta garin, a gaban injin da ke murza ƙarfe ya mai da shi falle-falle. Da aka rufe masana'antar ya riga ya fara furfura. Duk da haka kullum da sassafe sai ya aske gemu, ya ɗaura takalmansa na aiki masu bakin ƙarfe, ya tafi shagon kofi inda tsofaffin abokan aikinsa ke taruwa.

Aƙidarsa ba ta da wuyar faɗa. Mutum ya ci guminsa. Gwamnati ta tsare iyaka, ta gyara titi, ta cire hannunta daga aljihun mutane. Ko a falo yake zaune aka sa taken ƙasa a talabijin kafin wasan ƙwallo, sai ya miƙe ya dafa ƙirji. Na taɓa tambayarsa yadda aka yi yake son ƙasar da ta yar da shi haka.

Ya ce, "Ƙasa ba ta yi mini laifin komai ba. Mutanen Washington ne. Ƙasa daban, gwamnati daban. Duk karatun nan da kika yi ba a koya miki wannan ba?"

Yana da ciwon sukari, kuma inshorar lafiyarsa ta tafi tare da aikin. Wani ƙaramin miki ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa. Likitar da ke duba mutane kyauta a cocinmu ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ya ajiye takalman nan, ya hutar da ƙafar, ya je babban asibiti, in ba haka ba zai rasa ta. Ta kuma ce ya cancanci tallafin lafiya da gwamnati ke ba marasa ƙarfi.

"Sadaka ke nan," in ji shi, muna cikin mota. "Ubana ya je yaƙi ya dawo da ƙarfe a cinya, har ya mutu bai miƙa wa kowa hannu ba."

"Kawu, ai harajinka ne. Shekara da shekaru ana yankar albashinka."

"Shi ya sa na san daga aljihun da zai fito. Wani yaro na can yana tuƙa tirela, bayansa na ciwo, a yanki nasa a ba ni? A'a. Aiki zai zo, inshora za ta zo da shi."

Lokacin zaɓe ya kama. Ɗan takarar jam'iyyarsa ya tsaya a ƙofar masana'antar ya yi alkawarin za a sake ganin hayaƙi a sararin Tarver. Kawu ya bi gari gida-gida yana raba takardun kamfe, yana ɗingishi yana cewa gwiwa ce. Mutumin ya ci zaɓe. Muka shiga sanyi muka fita, shiru.

Sai ga shi wata safiya yana dukan ƙofata. "Tashi, Farfesa! An kira!"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ni na tuƙa shi, don ƙafar ta daina taka kuloci. A bakin ƙofar masana'antar muka tarar da tsofaffin ma'aikata sun yi cincirindo, kowa ya yi aski. Wani matashi ɗan kwangila ya hau bayan akori-kura ya yi bayani. An sayar da injinan ga wani kamfani na ƙasar waje. Ana neman waɗanda suka san su, su kwance su a loda a jirgin ruwa. Aikin 'yan makonni ne, biyan yini, babu inshora.

Merle, aminin Kawu tun suna yara, ya tofar da yawu.

"Wato mu haƙa kabarinmu da hannunmu. Orrin, ina mutumin naka da ka cinye takalmi a kansa? Kira shi ya zo ya riƙe maka sufana mana."

"Rufe mana baki, tsohon banza. Kai da matarka ke ciyarwa."

"Tana ciyar da ni, kuma ina ƙoshi. Zo mu tafi, mutumina. Wannan cin fuska ne."

Kawu ya daɗe yana kallon ginin. Sannan ya ce, "In ban kwance injina ba, yaran nan da guduma za su bi shi. Injin nan bai yi mini komai ba. Kuma aiki aiki ne."

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Kawu, ƙafarka fa?"

"Ƙafata ce ko taki?"

Ya shiga. Yini guda a tsaye a kan siminti, kullum. Ya daina cire takalmin a gabana, da shi yake shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Na fara jin wari a gidan, na yi ta wanke kicin ina yaudarar kaina. In na yi magana sai ya ƙara muryar rediyo. Amma a makonnin nan yana cin abinci sosai, har da waƙa a banɗaki. Wannan ne abin da har yau ban san inda zan ajiye shi a zuciyata ba.

Ranar da aka loda kashin ƙarshe na injinsa, na je ɗaukarsa da yamma na same shi zaune a kan wata tsohuwar taya, jikinsa na kakkarwa, leɓɓansa sun bushe. Ya kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa. Na kira Merle ina kuka, ya zo muka ciccibe shi zuwa mota. A asibiti da almakashi suka yanka takalmin. Na ga abin da ke ciki. Ba zan kwatanta shi ba.

Daga ƙasan gwiwa suka yanke ƙafar.

Da ya farfaɗo ya ɗaga bargo ya duba, ya mayar ya rufe. Bai yi kuka ba. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Wa zai biya?"

Na gaya masa gaskiya. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo yana kwance bai san inda kansa yake ba, na amince aka sa shi a tallafin gwamnati.

"Da izinin wa?"

"Da nawa, Kawu."

Ya zuba wa silin ido. Merle, da ke tsaye a bakin taga, ya ce, "Haba Orrin, yarinyar nan ta ceci ranka. Ka ce mata sannu mana."

Bai ce ba. Can ya juyo ga Merle.

"Shagon katako na bakin gada, har yanzu suna neman mai tsaron ƙofa?"

"Ban sani ba."

"Ka tambayar mini. Ka tambaya ko suna ba da kujera."

Merle ya ɗauki hularsa ya fita. Na bi shi don in yi masa godiya, na tarar da shi a baranda ya haɗa goshinsa da bango. Na koma ɗakin na zauna kusa da gadon.