Malam Halilu, Alƙalin da Ya Kafa wa Rago Turke

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Alhamis, tsakiyar watan Sha'aban na shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu bayan Hijira, ina gyaran rumbu aka zo mini da labarin cewa Alƙali Malam Halilu na Maijirgi ya amsa kira, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba. Na bar aikin nan take na nufi gidansa.

Malam Halilu, ni taubashinka ne, Zakari ɗan gwaggonka, wanda ya yi shekara da shekaru yana tsokanarka da cewa kai ne alƙalin da ya fi kowa rama a ƙasar Tasawa. Kullum sai ka yi dariya ka ce ramar gado ce daga wajen kawuna, wato mahaifinka. Yau ina neman wanda zan tsokana, babu.

Yaran yanzu ba su san yadda ka tarar da zauren shari'a ba. A da, wanda zai kai ƙara sai ya fara leƙa garkensa kafin ya nemi shaidu. Gaisuwa takan riga mai ita isa gidan alƙali, ta ƙofar baya. Talaka ya daina zuwa. Makiyayan da suka gangaro daga Azbin suka zauna da mu kuwa, in an taɓa su sai su ɗauki sanda da takobi, manoma su ma su ɗauki nasu. Kowace kaka sai mun binne wani a kan ɓarnar gona.

Da aka naɗa ka, ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Turke kawai ka kafa a ƙofar zaure. Duk wanda ya aiko maka da gaisuwa alhali yana da shari'a a gabanka, sai ka sa a ɗaure ta a nan, a gaban jama'a, ka tambaya da murya mai daɗi, "Ragon wa ne wanga? A ba shi ruwa, baƙonmu ne har a gama." In an yanke hukunci, mai rago ya kwance abinsa ya ratsa kasuwa da shi. Na sha ce maka, "Kai Malam, ko ƙafa ɗaya ba za ka bar wa taubashi ba?"

Ba zan manta shari'ar Tanna ba. Makiyayi ne daga wajen Cake, taguwarsa, wato raƙumarsa, ta shiga gonar Jatau ta ci gero. Jatau mutum ne mai baki a fada, sai ya kama taguwar ya ɗaure a gidansa, ya ce ta zama tasa. Da nononta 'ya'yan Tanna suke rayuwa. Labari ya zo cewa samarin zangonsu suna wasa takubba. Ka hau jakin nan naka mai taurin kai, ka tafi zangon da kanka cikin rana, ba dogari ba rakiya. Tanna ya ce maka, "Malam, mu ba mu da abin kai wa alƙali." Ka ce, "Ka kawo bakinka da shaidunka, sun isa."

Ranar shari'ar, ragon Jatau yana turke yana ta kuka, har sai mai magana ya dakata masa. Mutane suna danne dariya, Jatau yana share zufa. Ka tashi da kowa aka tafi gonar, aka ga ɓarnar da ido. Ka ce taguwa ta yi ɓarna, wannan gaskiya ne, Tanna zai biya damman geron da ta ci. Amma babu inda shari'a ta ba mai gona taguwar mutum, a kwance ta yanzu. Tanna bai so biyan ba, ya tafi yana gunaguni. Duk da haka shi ne ya bi zango-zango yana cewa an ci shi a Maijirgi, amma a gabansa aka ci shi, kuma ya ga dalili. Daga shekarar nan mutanen Korgom har da na Mayahi suka fara taka ƙafa zuwa zaurenka. Kakanni da yawa suka wuce ba mu wanke gawar ɓarnar gona ba.

Jiya wajen zaman makoki na ga Tanna, gemu ya yi fari fat. Tare yake da wani manomi, Dodo. Ashe rigimar rijiya ce ta haɗa su, sun kamo hanya tare za su kawo maka, sai a bakin gari suka ji rasuwarka. Bayan an shafa fatiha Tanna ya matso ya ce mini, "Malam Zakari, na hana samarinmu faɗa, shi ma ya hana nasu. Mun ce musu akwai alƙali. Yanzu in mun koma, mi za mu ce?"

Na ja su zuwa gidana, Malam. Ina miƙa tambayar ga masu naɗi, don Allah su dube ta kafin su ɗaura wa kowa rawani. Su nemo wanda zai yi hukunci a fili, ya je ya gani da idonsa, ya saurari marar garke kamar mai garke. Mutanen nan biyu sun ce za su jira a gidana har a naɗa wani. Samarinsu ban san iya jiran da za su yi ba.

Ya Allah, bawanka Halilu ya zo gare Ka. Ka yi masa sassaucin da ya yi wa raunana, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina yi wa mai ɗakinsa Rakiya ta'aziyya, da 'ya'yansa Ishaƙu da Bintu, da jama'ar Maijirgi baki ɗaya, da Tanna da Dodo da ke zaune a zaurena. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba mu madadinsa tun kafin haƙurin samari ya ƙare. Amin.