Hannun Abdu mai caji

Abdu maƙwabcinmu ne a Matameye. Manomi ne kamar mahaifinsa, sai dai da salula ta shigo gari ya sayi ƙaramin inji, ya kafa rumfar kwano a bakin tasha yana caji.

Mazanmu suna tafiya cirani Kano da Katsina, ba sa dawowa sai damina ta zauna. In ruwan farko ya sauka Abdu suke kira, don an san hannunsa. Yakan je gona ya tona ƙasa, in laima ta kai wuyan hannu ya ce a shuka, matan gida su fitar da iri.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara. Ni ina takabar Malam, Allah ya ji ƙansa, abin da ya bar mini na iri tiya biyu ne a tukunya. Ruwa ya sauka wata Talata da asuba. Wayoyi suka taru wa Abdu, kowa na kira, inji na ruri, bai samu zuwa gona ba. Ya durƙusa nan gindin rumfarsa ya tona, inda ruwan kwano ke zuba, laima har gwiwar hannu. Ya ce a shuka.

Gidaje da yawa suka shuka, har garin Ɗan Barto. Nawa ƙanena ya shuka mini. Kwana ashirin da uku sama ba ta ƙara ɗigo ba. Gero ya tsiro kamar allura ya ƙone.

Cikin kwanakin nan wata malama Sa'a ta zo daga jami'a, tana binciken abin da waya ke yi wa yanayi. Ta katangata nake jin su, ita da Abdu a gidansa. Ta tambayi man da injin ke sha, da inda yake zubar da matattun batura.

Abdu ya ce, "Malama, waya tana iya ɓata damina?"

Ta ce, "Hayaƙin duniya ne gaba ɗaya, Baba, a hankali yake aiki. Wannan ɗan injin naka ko akuya ba zai kora ba."

Ya ce, "To tawa da safe ɗaya ta ɓata."

Ta yi dariya, ta ɗauka raha ce.

Da ruwan gaske ya zo, sai ga Abdu a ƙofar gidana da ƙwarya. Irinsa ne, shi bai samu shukawa ba ranar Talatar. Ya raba wa gidaje shida da ba su da namiji. Na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Inna, karɓi dai."

Gonarsa ta shekara ciyawa. Har ya rasu, in ya wuce ta gefenta yakan ɓoye hannunsa na dama cikin riga. Geron da nake shukawa yau jikan irin nan nasa ne, kuma ban taɓa auna shi ban yi masa addu'a ba.